Allurar Alhaji Isuhu Ta Daskare

Shekarar da na fara zuwa Guangzhou sarin takalma, ba wanda ya ja ni gefe ya ce mini mutanen China suna da bikin sabuwar shekara da in ya zo komai yake tsayawa cak. Ko kuma an faɗa ban ji ba, don a lokacin gani nake ba abin da wani zai koya wa ɗan Kano game da kasuwa. Na sauka da zafina, na ba da odar silifas da takalman 'yan makaranta a Zhanxi Lu, unguwar manyan shagunan takalma da ke kusa da tashar jirgin ƙasa. Ranar da na koma duba kaya sai na tarar ana ta rufe shaguna, kowa ya ja akwati ya nufi tasha. Duk wanda na tare sai ya kaɗa mini hannu ya ce "meyo", wato babu. Masana'anta meyo, ma'aikata meyo, kontena meyo, sai bayan biki.

Haka na koma otal na zauna. Tagar ɗakina bangon wani gini take kallo, in na miƙa hannu sai in taɓa shi. Yayyafi ba ya ɗaukewa, kayan da na wanke ba sa bushewa, gidan abincin Musulmin da nake zuwa shi ma ya rufe. Wallahi har kewar hayaniyar Ƙofar Wambai na yi, inda kullum sai na yi faɗa da masu baro.

Ina cikin wannan zaman ne wani dattijo ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, dogo, siriri, da farin gemu, riƙe da wata 'yar jaka shuɗiya.

"Salamu alaikum. Kai ne Bakanon da sunka ce? Firigon ɗakinka shina aiki?"

Na ce, "Firij? Yana aiki, Alhaji."

"To, matsa."

Ya wuce ni ya buɗe firij, ya ture lemona gefe, ya ajiye jakarsa, sannan ya zauna a bakin gadona kamar gidan ƙaninsa ya zo. Alhaji Isuhu ke nan, mutumin Maraɗi, mai sarin jakunkuna da takalman mata. Shi ya san da bikin, kayansa ne suka makara suka riƙe shi. Firij ɗin ɗakinsa ya lalace, masu gyara kuma sun tafi gida. Abin da ke cikin jakar allurar ciwon suga ce, wadda yake yi wa kansa safe da yamma. Ciwon ya daɗe a jikinsa, ƙwaya ta daina yi masa aiki, in babu allurar nan ba zai kai labari ba.

Ya ce mini, "Zahi shi ne abokin gaban maganin ga. In ya ji zahi ya mutu, kai kuma ka bi shi."

Ya ba ni labarin yadda a gida in an ɗauke wuta Hajiyarsa take sa kwalaben a 'yar tukunyar ƙasa ta binne cikin jiƙaƙƙen yashi a gindin randa, da yadda in zai je Yamai yake tsayawa sayen ƙanƙara a kowane gari. Shekara da shekaru yana wannan yaƙin. Daga ranar, safe da yamma sai ya ƙwanƙwasa. Na gaya masa sunana Nafi'u har na gaji. Sai ya ce, "To, Bakano," ya ci gaba da zancensa. Abin yana ba ni haushi, amma in ya makara da zuwa ni nake leƙa shi.

Wanda ya fitar da mu daga ɗakin nan Lawban Ma ne, mai shagon da mu biyun muke sari a wurinsa. Lawban shi ne maigida a bakinsu, Ma kuma sunansa ne. Musulmi ne, gajere mai tumbi, ya iya "nawa" da "rage" da "wallahi", sauran zancen kuma da guntun Turanci muke yi, in ya ƙi sai waya ta fassara. Ya zo yi wa Alhaji sallama, ya ga yadda muka yi zuru-zuru, sai ya ce mu zo mu bi shi. Ƙanwarsa tana aure can arewa mai nisa, cikin duwatsu, wurinta zai yi hutun. Ya ce za mu ga dusar ƙanƙara mu dawo kafin a buɗe kasuwa. Ni ko cikin rijiya ya ce za shi, da na bi shi. Na shiga wata kasuwa da ta rage a buɗe a unguwar Liwan na sayi rigar sanyi. Mai shagon ya bugi ƙirji ya ce ko a firiza na kwana da ita sai na yi zufa. Allah ya isa tsakanina da shi.

Muka hau jirgi, muka sauka muka hau wani, muka shiga mota ta yi ta hawa da mu. Tun ina kallon gari har ya zama ba komai sai fari, sama fari, ƙasa fari, sai baƙin itatuwa a tsaitsaye. Muka wuce wani ƙauye, motar ta ci gaba da bin wata siririyar hanya da ta ratsa ta gindin wani dogon dutse mai gangare. Hanyar ita kaɗai ce, ita ce shiga ita ce fita. A ƙarshenta gidan yake, na gungumen itace, shi kaɗai ƙwal.

Ina fitowa daga mota sanyi ya mare ni. Gashin hancina ya daskare, haƙorana suka hau kaɗawa, rigar Liwan kuwa kamar jarida na yafa. Ƙanwar Ma, sunanta Amina kamar 'yar unguwarmu, ta dube ni sau ɗaya ta shiga ciki ta fito mini da wata tsohuwar rigar fatar tunkiya ta mijinta. Warin tumaki take yi, amma ban ƙara rabuwa da ita ba.

Mijin nata Bolat, mutum ne mai faɗin kafaɗa da ba ya son magana. Da rani kiwo yake yi, da sanyi kuma mutanen birni yake kaiwa wasan zamiya a kan ƙanƙarar dutse. Ba irin filin wasan nan da inji yake ɗaga mutane sama ba. Shi da ƙafa ake hawa, a sauko ta inda ba wanda ya taɓa takawa. Ya nuna mana kayan aikinsa, wasu dogayen katakai biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, an lulluɓe ƙasansu da fatar ƙafar doki. Gashin ya kwanta baya, saboda haka in ka tura gaba sai ya zame, in za ka koma baya sai ya cije. Alhaji ya shafa ya ce, "Kai, mutanen ga da wayo suke."

Cikin gidan kuwa murhun ƙarfe ne yake ci ba dare ba rana, ɗakin ya yi zafi har tagogi suna zufa. Alhaji ya yi allurarsa ta yamma, ya duba ko'ina bai ga firij ba, sai na ga hankalinsa ya tashi. Can ya leƙa waje, fuskarsa ta washe.

"Bakano, zo ka ga ikon Allah. Ƙasa duka firigo ce! Ba a ɗauke wuta, ba a sayen ƙanƙara."

Ya naɗe jakar a leda, muka fita, ya tona rami da hannunsa a gindin taga ya binne ta, ya kafa ɗan itace don shaida. Ban taɓa ganinsa cikin farin ciki irin na ranar ba. Ya ce da Hajiya za ta ga wannan wuri da ta huta. Ni ma na ce dabara ta yi. Masu gidan suna can wajen girki, ba wanda ya gan mu, mu kuma ba mu ga abin faɗa ba.

Da safe muka tono jakar, maganin ya zama dutse. Alhaji ya ajiye shi nesa da murhu har ya narke, ya ɗaga ya duba, akwai wasu 'yan fararen gudaji suna yawo a ciki. Ya ce ba komai, ya yi allurarsa. Kafin azahar ya shanye butar shayi, ya bi da ruwa, yana ta zirga-zirgar bayan gida. Ya soki yatsa ya gwada jininsa da 'yar na'urarsa, ya ga suga ya hau. Da yamma ya ƙara allura, ya sake gwadawa, abin sai hawa yake. A nan ne muka gaya wa Ma inda maganin ya kwana.

Ma ya dafe kai, ya kira wata likita a garin da ke ƙasa. Ya daɗe yana sauraro, sannan ya juyo ya ce, "Maganin da ya daskare ya mutu. Ko an narkar da shi, ruwa ne kawai."

Alhaji ya dubi kwalbar da ke hannunsa. Ya ce, "Sanyi ma?"

Ya ajiye kwalbar.

"Shekara nawa ina gudun zahi. Ba wanda ya taɓa ce mini sanyi ma shina kashe shi."

To ai da sauƙi, in ji ni, gobe da sassafe mu sauka gari a sayo wani. Ashe dusar da ta fara zuba tun da rana ba ta da niyyar tsayawa. Gari ya waye ba ma ganin motar da ta kawo mu, sai wani tudu a inda take. Bolat ya yi waya ya dawo ya ce ƙanƙara ta zaftare daga dutsen nan ta binne hanya. Motar share hanya tana can ƙasa tana fama da wasu wuraren. Jirgi mai saukar ungulu? Meyo, ga gajimare ga iska. Likitar ta ce za ta aiko da magani har wani gidan makiyaya da ke ɗaya gefen dutsen, iyakar inda doki zai iya kaiwa ke nan. Daga can zuwa wurinmu sai mai katako a ƙafa, kuma dole ya ratsa ta gangaren nan.

Na ce to Bolat ya ɗaura katakansa mana, me ake jira?

 Bolat ya ɗauki shebur ya yafito ni, muka je wani ɗan tudu a bayan gida wanda yake fuskantar inda babban dutsen yake fuskanta. Ya haƙa rami har ƙasa, zurfinsa ya kai kafaɗata, ya gyara bangon ramin sumul. Sai ya kama hannuna yana dannawa. Na sama laushi, kamar garin tuwo. Na tsakiya tauri, inda iska ta daddaɓe shi, yatsana ya ƙi shiga. Na can ƙasa kuwa, da na sa hannu sai ya zube, wasu ƙwayoyi ne kamar gishiri mai tsakuwa, ba sa kama juna. Ya yanka wani gunduma ta kowane gefe, ya ɗora shebur a kai ya ɗan bubbuga da tafin hannu. Tun bai yi da ƙarfi ba gunduman ya sulale gaba ɗaya ya faɗo mana a ƙafa. Ya nuna shi, ya nuna babban dutsen, ya girgiza kai.

Washegari ya sake haƙawa, ya sake bugawa, ya sake girgiza kai. Haka wanshekare. Ni kuwa na tsani shebur ɗin nan kamar me.

Alhaji yana ta ƙarewa a gabanmu. Likitar ta ce a yi ta ba shi ruwa, a hana shi burodi da shinkafa, Amina ta koma yi masa romon nama zalla. Bakinsa ya bushe, idonsa ya faɗa, ya ce yana ganina bibbiyu. Fita bayan gida ta gagare shi, sai bokiti na kawo masa, in ya gama in fitar. Mutumin da ko hularsa ba ya bari ta karkace, sai ya juya fuska bango in na ɗauki bokitin. Amina ta lura alwala tana wahalar da shi, ba tare da kowa ya roƙe ta ba ta kawo wani sumulmulen dutse ta ajiye masa a gefen shimfiɗa don taimama. In Hajiya ta kira daga Maraɗi, sai ya tattaro sauran ƙarfinsa ya gyara murya ya ce yana Guangzhou lafiya lau, mura ce kawai. Yana ajiye wayar sai ya harare ni, wai kada in kuskura.

Wata rana da hantsi ya ce in matso.

"Bakano, na ga mutumin ga shina haƙa. Ƙasar wurin ga tana tonuwa kuwa?"

Na ce, "Wace irin magana ce wannan, Alhaji?"

"Tambaya nikai. In ta Allah ta kasance, ba ni son a bar ni cikin ƙanƙara. Ina tsoron sanyin ga."

Raina ya ɓaci, tsoro kuma ya kama ni, na rasa wanda ya fi. Na fita na sami Bolat yana faskare. Na zazzaga masa Hausa tas, na ce matsoraci ne, na ce da ɗan'uwansa ne a kwance da tuni ya tafi, na ce rana ta fito sama ta yi garau, wane irin dutse ne ba ya ratsuwa? Bai ji ko kalma ɗaya ba, amma ya gane. Ya ci gaba da faskarensa. Ni kuwa na ɗauki katakai na ɗaura. Dama tun da muka maƙale nake ɗan jagwalgwala su a tsakar gida don kada in haukace, har na fara ganin na iya.

Ban yi nisa ba. Ɗan tudun nan na bayan gida na hau, ina tsakiyarsa sai na ji wata ƙara a ƙarƙashina, wum, kamar an buga babbar ganga a cikin ƙasa. Wurin ya ɗan nutsa. Na ga tsaga ta tashi daga bakin katakona ta ruga gefe kamar an ja zare. Kafin in ce innalillahi, duk inda nake tsaye ya tafi da ni. Na yi ta juyawa, ƙanƙara a baki, ƙanƙara a hanci. Da abin ya tsaya, na sami kaina a binne har ƙirji, hannu ɗaya a waje. Na yunƙura, ina! Abin nan mai laushi kamar gari ya kame kamar siminti. Ko yatsan ƙafata ban iya motsawa ba, numfashi ma da ƙyar. Ga gidan ina gani, ga hayaƙi yana fita, na kasa ko ihu.

Bolat ne ya zo ya haƙo ni da shebur ɗin da na tsana. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi da na fi samun sauƙi. Ya karkaɗe mini riga, ya nuna ɗan tudun da bai fi tsayin katangar gida ba, ya ɗaga hannu ya nuna babban dutsen. Na zauna a wurin na yi kuka kamar yaro. Na tuna zafin Kano na watan bazara da nake zagi kullum, na ce Allah in ka mayar da ni ba zan ƙara ba.

Alhaji ya fara rikicewa. Wani lokaci ya kira Amina da sunan Hajiya, wani lokaci ya tambaye ni ko motar Yamai ta tashi. Barci yake ta yi, sai mun girgiza shi ya sha ruwa. Ma ya daina barkwanci, yana zaune da carbi, waya a cinya.

Ranar da abin ya sauya, rana ta fito da ɗan ƙarfi. Muna zaune sai muka ji ruri daga wajen dutsen kamar tirela goma sun taho tare, har kwanukan Amina suka yi ƙara. Muka fita a guje. Gangaren nan gaba ɗaya ya sauko, farin hayaƙi ya tashi ya rufe itatuwa. Na ce shi ke nan, an ƙara rufe mu. Na juya sai na ga Bolat yana murmushi, karo na farko tun zuwanmu. Ya yi magana, Ma ya fassara.

"Ya ce dutsen ya sauke kayansa. Abin da zai faɗo ya faɗo. Yanzu a bi ta inda ya share."

Amma Bolat ba ya tafiya shi kaɗai. Ƙa'idarsu ce, in ɗaya yana ratsa gangare dole wani ya tsaya a gefe yana kallo, da shebur a baya, don akwai ragowar da ba ta sauko ba a can sama. Ma ga tumbi ga ciwon gwiwa, Amina tana jinya. Bolat ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da ake yi wa rago a kasuwa in ba wani, ya miƙo mini katakai.

Ya rataya mini wata 'yar na'ura a ƙirji irin wadda ke jikinsa, ya nuna mini yadda take kuka in ta kusanci tasa, don a gano wanda ƙanƙara ta binne. Muka kama hawa ta cikin itatuwa, yana gaba yana fasa hanya, ina bin sawunsa. Na faɗi ban san iyaka ba. Zufa tana karyo mini a ciki, gemuna yana daskarewa a waje. Da muka kai bakin itatuwa, inda gangaren ya fara, ya tsayar da ni a bayan wata katuwar bishiya, ya yi magana a wayarsa ya nuna mini fassarar: kada ka ɗauke ido daga kaina, in na ɓace ka riƙe inda ka gan ni na ƙarshe.

Ya shiga. Wurin duk gunduma-gunduman ƙanƙara ne da karyayyun itatuwa. Na kafa masa ido har hawaye suka zubo suka daskare a kumatuna, ina ta karanto duk addu'ar da na iya. Ya yi ta ƙanƙancewa har ya zama ɗigo, ya shige itatuwan da ke can gefe. Daga nan sai jira. Ba motsin komai, ko tsuntsu babu. Na yi ta buga ƙafa a ƙasa, yatsuna suka yi zafi, daga baya suka daina jin komai. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wurin nan ba.

Rana ta karkata kafin ɗigon ya sake bayyana. Sai dai tafiyar ba irin ta ɗazu ba ce, yana jan ƙafa ɗaya. Ashe a dawowa katakonsa ya shige tsakanin gunduma biyu ya murɗe masa gwiwa. Da ya iso ya jingina da bishiya, ya zura hannu can cikin rigunansa ya zaro wani ɗan kwali. Ya nuna ni, ya nuna sawunmu da ya gangara gida, wato in yi gaba, shi zai biyo a hankali.

Na karɓa zan jefa a jakar baya, sai ya doke mini hannu. Ya ɓalle rigar fatar, ya ɗaga ta ciki, ya ɗaga singileti, ya manna mini kwalin a kan fata, ya tusa rigunan cikin wando ya ɗaure tam. Na ce, "A'a, zafi! Zai lalace!" Ina nuna masa da hannu. Ya dafa ƙirjina da ƙarfi ya girgiza kai, ya tura ni.

Saukowar nan ba zan iya ba da labarinta daidai ba. Na dai san duk lokacin da zan faɗi sai in rungume ƙirji in juya in faɗi ta baya. Katako ɗaya ya kwance ya tafi abinsa, na ƙarasa da ɗaya, daga baya na ƙarasa da rarrafe. Amina ce ta hango ni ta buɗe ƙofa.

Alhaji yana kwance, ido rabi a buɗe. Ma ya ɗago shi ya jingina da jikinsa, likitar tana kan waya tana jira ta faɗi yadda za a fara. Na zaro kwalin, na fitar da kwalba ɗaya na sa masa a hannu. Ya juya ta, ya kai ta kumatunsa. Sai ya ture.

"Da ɗumi."

"Alhaji, sabo ne, yanzu aka..."

"Ya ji zahi. Ya lalace. Ba ni yi."

Ya damƙe bakin rigarsa da hannu biyu. Ma yana magana da Sinanci, likita tana magana a waya, Amina ta toshe baki. Mutumin da ɗaga kofi ya gagare shi, ga shi mun kasa ɓamɓare yatsunsa. Na ce, "Haba Alhaji! Haba don Allah! Mutum ya kusa karyewa a kan dutse saboda wannan abin, ni na kusa mutuwa, ka ce ba ka yi?" Ko kallona bai yi ba, sai maimaitawa yake, da ɗumi, da ɗumi.

Na rasa yadda zan yi. Sai na durƙusa, na kama hannunsa ɗaya a hankali, na zura shi cikin rigata na ɗora a inda kwalin ya kwanta, har ya bar mini shaida a fata.

Na ce, "Baba, ji nan. Ba rana ba ce, ba murhu ba ne. Ɗumin jikina ne. A nan na ɗauko shi tun daga kan dutse, don kada sanyi ya kashe shi kamar wancan."

Ya bar hannun a wurin. Ya daɗe. Idonsa ya ɗan buɗe ya tsaya a kaina sosai, kamar yau ya fara ganina.

"Kai ka tahi?"

"Ni da Bolat."

"Da katakan ga?"

"Da su."

Wani abu kamar dariya ya fito masa. Ya saki bakin rigar.

"Nahi'u," ya ce, "ɗaga mini rigar."

Bolat ya iso bayan magariba yana dogara sanda, Amina ta yi ta yi masa faɗa tana kuka. Da aka buɗe hanya motar asibiti ce ta fara shigowa, Alhaji ya yi kwanaki a gado ana ƙara masa ruwa kafin likitar ta sallame mu. Ni kuma ƙananan yatsun ƙafata biyu har yau ba su gama dawowa daidai ba.

Mun koma Guangzhou an buɗe Zhanxi Lu, ana ta turereniya da kwalaye kamar ba a taɓa rufewa ba. Na shiga ɗakina mai kallon bango na ji kamar fada aka ba ni. Masu gyara sun dawo, da idona na ga sun fito daga ɗakin Alhaji da kayan aikinsu, firij ɗinsa yana ta gurnani. Da yamma sai na ji an ƙwanƙwasa. Na buɗe, ga shi tsaye, ya rame, hula zaune daidai, da 'yar jakarsa shuɗiya a hannu.

Na san an gyara nasa, shi ma ya san na sani. Na matsa masa ya shigo.